Motar da ta yi wata goma sha huɗu tsakanin Sakkwato da Tawa

Mutumin da bukatarsa

Ɗan kasuwar albasa ne mazaunin Tawa, shekararsa arba'in da 'yan kai. Yakan sayi albasa a garaken Galmi da Tamaske lokacin da take arha, ya zuba a rudu, ya jira ta yi tsada. Shekara da shekaru a kan babur yake wannan zirga-zirga. Abin da ya sa ya fara maganar mota shi ne mahaifiyarsa, wadda hawan jini ya sa ake kai ta asibiti duk wata, ga shi ba ta iya zama a bayan babur.

Hanyoyi uku ne a gabansa. Ya sayi wadda aka riga aka yi wa duwan, wato aka biya mata harajin kwastan, a Yamai, ko ya ba da saƙo a sauko masa da ita daga tashar jirgin ruwan Kwatano ta Gaya, ko ya tsallaka Sakkwato. Ta ukun ce ta fi jan hankalinsa. Tafiyar yini guda ce, harshe ɗaya, surukansa ma can suke. Ga kuma halin da Najeriya ta shiga a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar samu. Duk wanda ya zo da kuɗi a hannu, ko da sefa ne, shi ke faɗin farashi.

Kafin ya tafi ya tambayi wani taransita, mai yi wa mutane takardun duwan, a Ƙonni abin da shigo da ƙaramar mota zai ci. Aka ce masa ya ware jika 800, wato sefa 800,000. Ya yi dariya, ya ce ai motar da zai saya an riga an biya mata duwan a Legas.

Tsakiyar Maris 2023: ciniki

Toyota Corolla ce ruwan toka, mai giyar otomatik. Mai sayarwa, ƙanen wani amininsa, ya ce ƙirar 2008 ce. Aka daidaita a kan miliyan 2 da jika 100, aka ba dillali la'adarsa, aka yi addu'a.

Takardun da aka miƙa masa a cikin leda sun yi kauri. Akwai takardun duwan na Najeriya da sunan kamfanin da ya shigo da motar, akwai lasisin mota da shaidar mallaka da sunan wani mutum na daban, akwai takardar lafiyar mota da ta inshora, su ma da sunan wannan mutumin. Sunan wanda ya karɓi kuɗin bai fito a ko ɗaya ba. Shi ma saye ya yi shekara biyu da suka wuce, bai canza suna ba, yana ta sabunta takardu da sunan tsohon mai ita, kamar yadda mutane da yawa ke yi.

Abin da ya haɗa ɗan kasuwar da motar a rubuce shi ne falle ɗaya da aka ciro daga littafin makaranta. Wani yaro mai kyan rubutu ya rubuta yarjejeniyar da Turancin Ingilishi, ya leƙa ta gilashin gaba ya kwafi lambar shasi, shaidu biyu suka sa hannu. Na riƙe fallen nan a hannuna daga baya. Har da alamar kofin shayi a gefensa.

Tsallaka iyaka

A Illela wani ɗan kamasho ya tare su, irin waɗanda ke yini a gindin bishiya da jaka a hammata. Ya ce ba sai an sha wahalar duwan ba, za a yi lesefase. Sharaɗin kawai a sami ɗan Najeriya da zai tsaya a matsayin mai tuƙa motar ya zo ziyara. Ƙanen mai sayarwa ya raka su, aka yi takardar wata ɗaya da sunansa, ya hau kabu-kabu ya koma gida. Jika 35 aka kashe. Da la'asar motar ta bar Ƙonni, ta karya kwana a Tsarnawa, ta wuce Badagishiri, bayan isha'i tana ƙofar gida yara suna shafa ta.

Lesefase takarda ce ta gaskiya, kuma tana da aikinta. Ita ce izinin da duwan ke ba motar wata ƙasa ta shigo na ɗan lokaci ba tare da an biya haraji ba, bisa alkawarin za ta koma inda ta fito. Kawunsa, tsohon direban tirela da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kwatano da Arlit, shi ya fara faɗa masa haka washegari. Ya juya takardar gaba da baya, ya miƙa masa.

"Yaro, wagga takarda ta baƙi ta. Kai baƙo na garin ubanka?"

"Kawu, kowa haka yake yi. In albasa ta tashi sai in yi duwan ɗin."

Afrilu zuwa Yuni 2023: sabuntawa

Sau uku ya koma Ƙonni, tsakiyar Afrilu, tsakiyar Mayu, tsakiyar Yuni. Kowane zuwa yakan ba ɗan kamashon jika 25 ya zauna a rumfar mai shayi, bayan awa biyu a kawo masa takarda da sabon kwanan wata. Mai sunan da ke jikin takardar bai sake taka ƙasar Nijar ba. A shingayen hanya yakan ce motar ƙanensa ce, a dube shi a dubi lambar Najeriya, wani lokaci a ce ya wuce, wani lokaci a tsayar da shi a rana har sai an gaji.

A jajibirin Babbar Sallah, ƙarshen Yuni, ya bugi wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauko rago kusa da kasuwar dabbobi. Ragon bai ji komai ba, yaron ya goce a wuyan hannu, gaban babur ya lotse. A nan ne inshora ta kamata ta yi aiki. Tun 1982 ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka amince da katin ruwan ƙasa, wanda ke sa inshorar ƙasa ɗaya ta biya diyyar wanda aka buge a wata ƙasar, kuma daga Janairun 2023 inshorar dole ta ƙananan motoci a Najeriya, wadda ta koma naira 15,000, ta haɗa da shi. Amma kamfanin inshora ba ya biya sai 'yan sanda sun zo sun yi kwansta, wato sun rubuta yadda haɗarin ya faru. In suka zo kuwa za su tarar da suna uku a kan mota ɗaya: na inshora daban, na lesefase daban, na mai tuƙi daban. Sai ya roƙi dattawan wurin aka sasanta a tsaye. Ya biya ɗori da gyaran babur da na kwanakin da yaron zai yi ba aiki, jika 85.

19 ga Yuli 2023: kamu

Takardar Yuni ta ƙare a tsakiyar Yuli. Damina ta sauka, hankalinsa na gona, ɗan kamashon kuma wayarsa ta daina shiga. Ya ce bari ya leƙa Badagishiri ya dawo, jibi ya tafi Ƙonni. A hanyar dawowa ya haɗu da jami'an duwan masu sintiri.

Babu hayaniya. Jami'in ya karanta lesefase, ya nemi katin ɗan ƙasa, ya haɗa su biyun a hannu ɗaya.

"Alhaji, ina mai wannan suna?"

"Shef, ƙanena ne, yana Sakkwato."

"Shi yana Sakkwato, motarsa tana Tawa wata huɗu?"

Aka rubuta takardar kamu, aka sa wani jami'i ya zauna a gefensa har farfajiyar ofis. Laifin a rubuce bai wuce layi biyu ba: mota ta shigo da izinin wucin gadi, izinin ya ƙare, kuma tana hannun mazaunin ƙasa wanda izinin bai shafa ba. Dokar duwan ta yarda a yi sulhu a biya tara ba sai an je kotu ba. Ya zaɓi sulhu. A farkon Agusta ya biya amandi jika 250, ya ɗauka magana ta ƙare, saura ya biya haraji ya ɗauki motarsa.

Agusta 2023: abin da taransita ya gano

Ya koma wurin taransitan nan da ya yi wa dariya a watan Maris. Mutumin bai tuna masa ba. Ya shimfiɗa takardun a kan tebur, ya ɗauki biro yana ƙirga haruffan lambar shasi da ke jikin fallen yarjejeniya yana ɗiga wa kowanne ɗigo a ƙasa. Ya kai ƙarshe, ya sake daga farko. Goma sha shida.

Lambar shasi ta irin waɗannan motoci harafi da lamba 17 ce tun 1981, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta ko kaɗan, don kada a rikita su da 1 da 0. Yaron nan mai kyan rubutu ya tsallake 3 ɗaya a inda biyu suke jere, ya kuma rubuta O a wurin sifiri. Suka je farfajiyar duwan da tocila, suka goge ƙurar gilashin gaba ta gefen direba, suka duba ta jikin ƙofa. Lambar ƙarfen ta dace da ta takardun Legas da ta lasisi. Fallen da ke ɗauke da sunan ɗan kasuwar ne kaɗai ke maganar wata mota da ba a taɓa ƙerawa ba.

A wurin ne kuma ya san shekarar motarsa. Lambar ta fara da 2T1, alamar Toyota da aka ƙera a Kanada, kuma a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada harafi na goma shi ke faɗin shekara. Nata 5 ne. Ƙirar 2005 ce, ba 2008 ba. Ya yi shiru wani lokaci, sannan ya ce Allah ya isa. Taransitan ya ce masa ya rage fushi, tsufan nan zai sauke masa kima a wajen lissafin haraji.

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma. Ko da lambar ta cika, wanda ya sa hannu a matsayin mai sayarwa ba shi ne mai motar a takarda ba. Ana bukatar sa hannun wanda sunansa ke kan shaidar mallaka, ko kuma takardar da ta nuna ya sayar wa na biyu.

Da a watan Yuni ne, aikin kwana biyu ne. Amma ranar 26 ga Yuli sojoji sun karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata CEDEAO ta sa takunkumi a taronta na Abuja, iyakar Ƙonni da Illela ta rufe.

Satumba 2023 zuwa Fabrairu 2024: dabaru uku

Ta farko ta waya ce. Mai sayarwa ya sake rubuta yarjejeniya ya turo hotonta ta WhatsApp, aka buga a shagon kwamfuta. Ba a karɓa ba. Ana son takarda ta asali mai sa hannu da hatimin hukuma.

Ta biyu ita ce ta hanyar daji. Iyaka a rufe take a kan gudron, amma 'yan kabu-kabu ba su daina ratsa gonaki da man fetur da buhuna ba. Aka ba ɗaya jika 20 ya je ya karɓo takardar asali. Bayan kwana biyar ta iso a naɗe cikin ledar burodi, da hatimi da komai. Taransita ya ɗauki bironsa. Goma sha shida. Daga tsohon fallen aka kwafa, har da O ɗin. Sa hannun kuma na mutumin nan ne dai da ba shi da suna a takarda, domin ya ce tsohon mai motar ya yi ritaya ya bar Sakkwato, lambarsa ma ba ya da ita.

Ta uku ba shi ya nema ba, ita ta zo ta same shi. Wani mutum ya biyo shi har gida da dare ya ce yana da kartigiriz, wato takardar mallakar mota, na wata Corolla irinta sak da ta yi haɗari ta mutu. Za a fitar da tasa ta wata hanya, a kai ta garaji a buga mata lambar shasin matacciyar, shi ke nan ta zama 'yar ƙasa. Jika 400. Ya kwana biyu yana juya maganar, don a lokacin mahaifiyarsa ta koma hawan a-daidaita zuwa asibiti, kuma duk wanda ya gamu da shi a masallaci sai ya tambaye shi ina mota. Ya kai maganar wurin kawu.

"Yanzu tara aka ci ka, ka biya, kana kwana gidanka. Ka taɓa ƙarfen shasi, ba duwan za ta neme ka ba, alƙali na. Kuma ka san mi waccan mota ta yi kafin ta mutu?"

Bai sake ɗaga wayar mutumin ba.

Motar tana nan a farfajiya. Damina ta wuce a kanta, hunturu ya zo ya lulluɓe ta da ƙura har launinta ya ɓace. Duk mako biyu yakan je ya tayar da ita, har ranar da batir ya ƙi.

Afrilu 2024: neman mai suna

CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu, Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyakarta ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe tata ranar 22. Azumi ake, sai suka bari aka yi Sallah. Shi da kawu suka shiga motar haya zuwa Sakkwato.

Kawu ne ya ce a bar bin mai sayarwa, a bi adireshin da ke jikin lasisi. Gidan haya ne, maƙwabta suka ce malamin ya koma Birnin Kebbi, wani mai shago ya ba su lambar ɗansa. Washegari suna zaune a zaurensa. Dattijo ne tsohon malamin sakandare, kuma da ya ji labarin ransa ya ɓaci, ba da su ba.

"Wato shekara uku sunana na yawo a kan motar da ban san inda take ba, har wata ƙasa? Da an yi fashi da ita ƙofar wa za a buga?"

Ya yarda zai sa hannu bisa sharaɗi ɗaya, a dawo masa da lambobin motar da zarar an cire su. Suka koma Sakkwato tare, aka kira mai sayarwa. A babbar kotu dattijon ya yi rantsuwa a rubuce cewa ya sayar wa na biyu, na biyu ya yi tasa cewa ya sayar wa ɗan kasuwar. Aka karɓi takardar 'yan sanda mai nuna ba a taɓa kai rahoton satar motar ba. Wannan karon ɗan kasuwar da kansa ya tsaya a kan mai buga takarda da hoton ƙarfen shasi a wayarsa, yana ƙirgawa da yatsa. Kwana huɗu, jika 70 har da kuɗin mota da masauki.

Mayu 2024: duwan da lamba

Daga nan abin bai da labari mai yawa. Aka fassara takardun zuwa Faransanci, 'yan sanda suka duba shasi a rumbun motocin sata na Interpol, taransita ya shigar da sanarwa. Duwan ba ta tsaya a kan abin da ya ce ya biya ba, ta yi nata ƙiyasin bisa ƙira da shekara, ta sa miliyan 1 da jika 500. Harajin shigowa kashi 20 ya kama jika 300. TVA, wato harajin VAT, kashi 19 ana ɗora ta ne a kan kima haɗe da harajin, ta kama wajen jika 342. Da ƙananan kuɗaɗe da ladan taransita, jimilla ta tsaya dab da jika 800.

Sai bizit, wato gwajin lafiyar mota, sai asiransi, wato inshora, ta kamfanin Nijar da sunansa, sai ofishin sufuri, sai binyat, harajin mota na shekara. Batir sabo da tayu biyu da rana ta tsattsaga suka ci jika 95. A mako na uku na Mayu motar ta fito da lamba mai RN.

Abin da lissafi ya nuna

Kuskurensa na farko fahimta ce, kuma mutane da yawa a bakin iyakar nan suna da ita. Ya ɗauka tunda an biya duwan a Legas, kuma ƙasashen biyu a lokacin ƙungiya ɗaya suke, an gama. Sassaucin harajin CEDEAO na kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin ne. Albasarsa ta cancanta, Corolla 'yar Kanada ba ta cancanta ba. Kuɗin da aka biya a Legas sun shiga baitulmalin Najeriya, Nijar ba ta ga ko dala ba.

Ban ga laifinsa sosai ba a sayen mota a Sakkwato. Ko da jika 800 a kai, farashin bai fita hankali ba. Inda na ga ya yi sake shi ne ranar ciniki, lokacin da kuɗin ke aljihunsa kuma kowa na jin maganarsa. A ranar da ya ce ba zai biya ba sai an kawo mai suna, da mai sayarwa ya nemo dattijon nan kafin la'asar. Bayan kuɗi sun canza hannu, sai ya zama shi ke roƙo. Rufe iyaka ba shi ya jawo ba, babu kuma wanda ya hango shi, amma ya tarar da shi ne da aikin da ya kamata a gama tun wata huɗu baya.

Dabaru biyu na farko sun faɗi ne saboda dalili ɗaya: duka sun koma wurin mutumin da sa hannunsa ba shi da amfani. Abin da ya yi aiki shi ne haɗa sarƙar daga sunan da hukuma ta sani zuwa nasa, ba tare da tsallake kowa ba, da lambar da aka kwafa daga ƙarfe. Lesefase kuwa ba ta rage masa ko tamma daga harajin ba. Tsakanin ita da sabuntawarta, da haɗarin da ya biya daga aljihu, da amandi, da ɗan saƙon daji, da tafiyar Sakkwato, da batir da tayu, jika 630 suka tafi, ban da wata goma da motar ta yi a tsaye.

Lambobin Najeriya guda biyu ya naɗe su a cikin buhu, ya haɗa da buhun albasar Galmi guda, ya ba direban Ƙonni ya miƙa wa na Sakkwato, shi kuma ya miƙa wa na Birnin Kebbi. Bayan kwana uku dattijon ya kira ya ce saƙo ya iso, ya tambaya ko har yanzu ƙofar baya ta hagu tana ƙin buɗuwa daga ciki. Tana ƙi.